Rasuwar Uwar Ɗaki, Wayar da Ta Tafi da Saƙon Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ba a rasa ba na jin haushi, iyalan Ɗan Aike ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu hulɗa da shi a shafin aike-aike rasuwar wayarsa, abokiyar sana'arsa, wadda gida da waje aka fi sani da Uwar Ɗaki. Ta cika ranar Laraba, ƙarfe biyar saura minti goma na yamma, a kan teburin cin abinci, tana jingine da kofin shayi, bayan doguwar jinyar da mai ita ya yi ta musantawa. Ta rasu tana da shekara shida da wata huɗu. Ta kuma tafi da saƙon mutane a cikinta, bidiyo na minti biyu da daƙiƙa arba'in, wanda babu mai iya sake ɗaukarsa, domin mai muryar ba shi da murya yanzu.

Yayarsa aka sa ta rubuta wannan sanarwa, saboda shi tun ranar ya kasa zama ya rubuta ko layi ɗaya. Ta karɓa bisa sharaɗin ba za ta rufa masa asiri ba.

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, shafin aike-aike wuri ne a intanet inda mutumin da ke nesa yake rubuta abin da yake son gani, na kusa kuma ya je ya ɗauko masa. Wani ya ce a leƙa masa gininsa ya ga ko magini ya ɗora rufin da yake ta rantsuwa ya ɗora. Wata ta ce a ɗauko mata makarantar da ta yi firamare. Wani jikansa aka haifa, yana son ganin fuskar ba tare da uwar ta shafa wa hoton kwalliya ba. Dokar shafin ɗaya ce mai tsauri: a cikin manhajarsu ake ɗauka, a cikinta ake gyarawa, kuma ba ya fita ko'ina sai an danna aikawa, don kada wani ya kwaso tsohon bidiyo ya ce yau ya ɗauka. Kafin nan Ɗan Aike masinja ne a wani ofis, shekara goma sha bakwai, har ranar da aka ce masa yanzu takarda da kanta take zuwa. Wata uku yana zaune a gida yana kallon bango. Marigayiya ce ta tashe shi, ita ta mayar masa da aikinsa na kai saƙo, shi ya sa ya laƙaba mata sunan da kowa ya bi.

Muna shaida cewa marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha rana, ta sha ruwan sama a cikin leda, ta faɗi daga kan babur sau biyu, ta faɗa bokitin wanki sau ɗaya, aka shanya ta a taga ta tashi kamar ba ita ba. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba, alhali ta ga ɗakunan mutane da gine-ginen da aka ci amanarsu. Ba ta da son hira, sai aiki. Idan buƙata ta shigo sai ta ce tilin, sau ɗaya, duk gidan kuma ya san an samu. Idan saƙo ya isa hannun mai shi sai ta ce tilin-tilin, sau biyu, a nan ne Ɗan Aike yake cire hula ya shafa kai ya nemi abinci. Yaran gidan sun san ba a tambayarsa komai tsakanin tilin na farko da na biyu.

Ba za mu ce ba ta da laifi ba. Tana da zafin jiki, kuma ba ta cin caji sai an lallaɓa ta: a soka mata caja, a naɗe da robar gashin matarsa, a jingina ta da kofi, a karkata ta hagu kaɗan, sannan kowa ya daina jijjiga tebur. Bara cikinta ya fara kumbura har murfin baya ya ɗaga. Mai gyara ya duba ya ce batirin ya gama yawo, a canza tun da wuri. Matarsa ta faɗa, yayarsa ta faɗa har bakinta ya gaji. Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya: "Bari in kammala aikin da ke hannuna." Aiki kuma ba ya ƙarewa a hannun mutumin nan.

Yana da wata ɗabi'a da ya taso da ita daga ofis, inda aka koya masa cewa ba a miƙa wa babba takarda da datti. Bai taɓa aika bidiyo yadda ya ɗauke shi ba. Sai ya dawo gida ya zauna ya sa abin ji a kunne, ya yanke tari, ya rage hayaniyar titi, ya cire inda hannu ya girgiza da inda aka yi maganar da ba ta dace ba. Da wannan ya yi suna a shafin. Mutane kan rubuta a ƙarƙashin sunansa cewa aikinsa tsaf yake, shi kuma yakan karanto mana ko ba mu tambaya ba.

Ranar Litinin ɗin makon da ta rasu, marigayiya ta ce tilin da safe. Wata ma'aikaciyar jinya ce da ke aiki a wata ƙasa mai nisa. Mahaifinta kafinta ne, shagonsa na bayan tashar mota, kuma shekara biyar ke nan bai ɗaga kiranta ba, tun da ta sa ƙafa ta tafi bayan rasuwar mahaifiyarta ba da son ransa ba. Gwaggonta ta sanar da ita cewa ranar Alhamis da safe za a yi masa aiki a maƙogwaro, kuma likita ya faɗa ƙarara cewa in an fito lafiya ma, magana ta ƙare. An hana ta hutu. Ga abin da ta rubuta, Ɗan Aike ya haddace shi: "Malam, ba na neman komai sai muryarsa. Ka sa ya ce wani abu, ko zagi ne. Don Allah kafin Alhamis."

Litinin ya je, tsohon ya kore shi da guduma a hannu. Talata ya koma, ya zauna a kan benci tun hantsi har la'asar, ya riƙe masa katako, ya miƙo masa ƙusa, tsohon bai ko dube shi ba. Laraba ita ce ta ƙarshe, domin ƙarfe biyar za a kwantar da shi a asibiti. Ɗan Aike ya isa da azahar ya tarar da shi yana goge ƙafar wata kujera. Maƙwabcinsa mai injin yankan katako ya kunna injinsa, shagon na rawa, garin katako na tashi. Ɗan Aike ya zauna ya sa waya a cinya, ya riga ya cire rai. Can tsohon ya ce, ba tare da ya ɗago ba, da muryar nan da ta dushe kamar ana jan buhu a ƙasa:

"Kai, ɗan aiken banza. Kunna abin naka."

Marigayiya ta kunnu, batirinta kashi talatin da ɗaya, jikinta zafi rau. Minti ɗaya da rabi na farko faɗa ne zalla da tone-tone, ga tari, ga ƙarar inji. Sai tsohon ya ajiye ƙafar kujerar, ya dubi kyamara ido cikin ido, ya ce: "Ba fushi nake ba. Tsoro na ji da kika tafi, gidan ya yi min girma. Na yafe miki, ke ma ki yafe min. Allah ya yi miki albarka." Ya ɗauki aikinsa ya ce a kashe abin nan haka.

A nan ne yayarsa take so jama'a su tsaya su ji da kyau. A bakin shagon nan akwai sabis, cikakke. Maɓallin aikawa na ƙarƙashin babban yatsansa. Da ya danna, da kafin ya tare babur an gama. Amma ya saurari farkon ya ce a ransa, yarinyar da ta shekara biyar tana jira, ita za a miƙa wa zagi da ƙarar inji? Ya ce minti talatin ya ishe shi ya yanke faɗan, ya wanke hayaniyar, ya ba ta albarkar kawai, fes. Ya sa waya a aljihu ya nufi gida.

Matarsa ta ga fuskarsa ta ce, "Ka samu?"

Ya ce, "Na samu. Kada kowa ya taɓa teburin nan."

"Ka aika?"

"Yanzu. Gyara kaɗan ne."

"Maigida, wayar nan ƙauri take yi. Ka aika tukuna, ka yi gyaranka daga baya."

Ya ce ita dai ba ta san aiki ba.

Gyaran minti talatin ya ci awa biyu. Ƙarar injin ta shiga cikin maganar ta cakuɗe, in ya rage ta sai muryar tsohon ta bi ta, in ya dawo da muryar sai injin ya dawo. Ya saurari bidiyon nan ya fi sau arba'in, gaba da baya, har leɓensa na motsi tare da na kafintan. Caja na soke, robar na naɗe, amma lambar batir ƙasa take yi, ba sama ba. Sha tara. Sha biyu. Da ta kai bakwai ne hankalinsa ya dawo jikinsa, ya danna aikawa, ya janye hannuwansa daga tebur kamar wanda aka nuna wa bindiga.

Layin nan mai launin kore ya fara tafiya. Kashi ashirin. Kashi arba'in da biyar. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta ko numfashin kirki. Aka kashe fanka don kada iska ta motsa igiyar cajar, duk da cewa zafi ne ke kashe mai jinyar. Kashi saba'in, batir uku. Murfin baya ya ƙara ɗagawa, suna kallo da idonsu. Ɗan Aike yana cewa, "Daure, Uwar Ɗaki, daure, kin yi wanda ya fi wannan." Kashi tamanin da takwas. Sai ta yi wata 'yar ƙara da ba a taɓa jin ta yi ba, ƙit, fuskarta ta yi fari, sannan ta yi baƙi. Suka tsaya suna jiran tilin-tilin har shayin da ke kofin ya huce.

Ya fizgi wayar matarsa ya fita da silifas ɗin wanka. Ya jefa marigayiya a hannun mai gyara, ya wuce asibiti da niyyar faɗin gaskiya, ya roƙi tsohon ya maimaita ko kalma biyar ce. Ya same shi an sa masa rigar marasa lafiya, gwaggon na gefen gado. Tsohon ya gan shi, ya yafito shi, ya ce da ragowar muryarsa, "Ta gani?"

Wayar matarsa na aljihunsa, hannunsa na kanta. Ya dubi mutumin da ya haɗiye girman kansa na shekara biyar ya faɗi abin nan sau ɗaya, ya kasa gaya masa gaskiya. Ya ce, "Yana kan hanya, Baba." Tsohon ya gyaɗa kai ya lumshe ido. Ɗan Aike ya fito yana gaya wa kansa cewa mai gyara zai tashe ta kafin a shiga da shi. Da safe aka shiga da kafinta ɗakin aiki, aka fito da shi da rai, babu murya.

Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Kwana uku yana fama, ya sa sabon batir, ya gasa, ya hura, ya duba da madubin ƙara girma. Ranar Asabar ya ajiye kayan aikinsa ya ce zafin ya cinye inda take ajiye abubuwa, ko masu ƙera ta aka kira sai dai su yi ta'aziyya. A kwanakin nan uku saƙon ma'aikaciyar jinyar na ta shigowa shafin, Ɗan Aike na karantawa a wayar matarsa. "Malam, ya yi magana?" "Malam, na ga an rubuta ana aikawa." "Malam, ko bai ce komai ba, ka gaya min, zan iya ɗauka." Bai amsa ko ɗaya ba, abinci ma sai an tsaya a kansa.

Ranar Lahadi yayarsa ta zo ta zaunar da shi, ta danna kiran ma'aikaciyar jinyar da hannunta, ta buɗe lasifikar wayar kowa na ji. Ya faɗi komai, bai rage ba, har ƙaryar da ya yi a gefen gado. Sannan ya ce, "Amma na riƙe abin da ya ce, 'yar uwa. Wallahi na riƙe." Ya karanto mata albarkar kalma bayan kalma.

Da ta buɗe baki, muryarta a sanyaye take, ba kuka, ba faɗa, abin da ya fi tayar mana da hankali ke nan. Ta ce, "Malam, na gode da tausayinka. Amma babana ba ya magana haka. Bai taɓa ce wa kowa ya ji tsoro ba. Ka ga ya ƙi magana, ka ji kunyar gaya min, shi ne ka shirya min wannan. Ba komai. Zan rufe buƙatar."

Shaida ɗaya ce a duniya, tana kwance a kan teburin mai gyara cikinta a buɗe. Ɗan Aike ya yi gumi har ƙeya. Ya ce, "Tsaya. Akwai na farko, wanda na yanke."

"Me ka yanke?"

"Faɗa ne. Ba daɗin ji."

"Faɗa min."

Ya rufe ido. Sau arba'in ɗin nan da ya saurara ba su tafi a banza ba, har inda tsohon yake tsayawa ya ja numfashi ya riƙe. Ya ce: "Ke Kan Ƙusa. An ce kin aiko a ɗauki muryata. Kya aiko mana, tunda ƙafarki ta fi ƙarfin ƙofar gidan nan. Zarton da kika yanka min rodi da shi kina 'yar shekara tara, ga shi can a rataye, har yau ba haƙori, har yau kuma ba ki ba ni haƙuri ba. Mara kunya kawai. Taurin kai kamar wa? Kamar ni, na sani, ba sai an gaya min ba."

Sai ga wani sauti, rabi dariya rabi kuka. Ta ce, "Shekarata takwas, ba tara ba. Kullum sai ya ƙara." Ta ja hanci ta ce, "Wannan ka zauna kana yankewa? Malam, ai wannan na aike ka." Ya ce ga ƙarar injin maƙwabci ma da ta cika wurin. Ta ce da ƙarar injin nan ta yi barcin rana duk yarintarta. Sannan ta ce ya sake faɗi daga farko, ya haɗa da na ƙarshen, kada ya cire ko tari. Ya faɗa sau uku.

Da aka sallamo kafinta bayan mako biyu, Ɗan Aike ya je shagon ya durƙusa ya faɗa masa gaskiya. Tsohon ya dube shi, ya ɗauki guntun katako ya ƙwala masa a kafaɗa, ba da wasa ba. Sannan ya jawo tsohon akwatin da yake zuba ƙusa, ya juye ƙusoshin a kan benci, ya miƙa masa akwatin, ya kara hannu a kunne alamar waya. Da aka gwada, tsawonsa daidai da marigayiya.

Ta rasu ta bar mai ita, wanda har yanzu yakan zabura in cokali ya bugi kofi. Ta bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen wuya, wadda ba za ta ƙara aure ba don ba wayar da za ta yarda da halinta. Ta bar abin ji mai kunne ɗaya, da riga ta roba da ta yi mata yawa tun kafin kumburin, da kofin shayin da ya tallafe ta shekara biyu bai taɓa gunaguni ba. Robar gashi ta koma hannun mai ita. Ta bar saƙonni dubu ɗaya da ɗari biyu da suka isa inda aka aike su, da guda ɗaya da ya tsaya a kashi tamanin da takwas.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe biyu na rana a shagon kafinta da ke bayan tashar mota, inda ta yi aikinta na ƙarshe. Za a sa ta a akwatin ƙusa, a ɗora a kan katakon da ke ƙarƙashin zarton nan mara haƙori. Babu zaman makoki, babu jawabi, kujeru kuma na masu su ne, kada a hau waɗanda ba su bushe ba. Kan Ƙusa, 'yar kafintan, za ta halarta ta wayar matar Ɗan Aike, kai tsaye, fuska da fuska, kuma mahaifinta ya nuna da kai cewa wannan karon zai ɗaga. Tunda shi ba baki, Ɗan Aike zai tsaya a gefensa ya faɗi saƙon duka, daga zagin har albarkar, tsohon na riƙe da guntun katakonsa don gyara masa inda ya kauce. Ana roƙon masu zuwa su kashe wayoyinsu su yi shiru. Maƙwabci mai injin yankan katako kuwa ya aiko cewa zai kashe injinsa don girmama taron. An mayar masa da amsa cewa ya bar shi a kunne.